Borges: Makahon da aka damƙa wa littattafai 800,000, ya ƙare yana maimaita na ƙuruciyarsa

A ƙarshen shekarar 1955, sabuwar gwamnatin Ajantina ta naɗa marubuci Jorge Luis Borges shugaban Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke birnin Buenos Aires. Littattafai kusan 800,000 aka damƙa a hannunsa. Ga mutumin da tun yana yaro bai san wani daɗi da ya wuce zama cikin littattafai ba, babu kyautar da ta kai wannan.

Sai dai kyautar ta zo a makare. A daidai wannan lokaci ne idanunsa suka gama gazawa. Yana iya zagayawa tsakanin kantoci yana shafa littattafai da yatsu, amma da ƙyar yake gane ko sunan da ke jikin bango. Likitoci kuma suka hana shi karatu da rubutu.

Borges, wanda ake furta sunansa Borhes, ya ƙara shekara 30 a duniya bayan haka. Bai taɓa koyon rubutun makafi ba, amma har ya mutu yana cikin littattafai tsundum, yana koyar da su, yana zaɓa wa jama'a waɗanda za su karanta. Abin da ya riƙe shi wata ɗabi'a ce da mutane da yawa ke ganin ɓata lokaci ce: komawa kan littafin da ka riga ka karanta, ka sake, ka kuma sakewa.

Yaron da ke karatu a saman rufi

An haife shi ranar 24 ga Agustan 1899. Ya tashi a unguwar Palermo, wadda a lokacin take bayan gari, ta kuma yi suna da 'yan daba masu faɗa da wuƙa. Shi bai san su ba sai a labari, domin a cikin gida aka tsare shi, shi da ƙanwarsa Norah, a bayan shingen ƙarfe.

Mahaifinsa lauya ne mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma yana da ɗaki guda cike da littattafai, akasarinsu na Ingilishi. Kakarsa ta wajen uba, Fanny Haslam, Baturiyar Ingila ce, shi ya sa yaron ya tashi da harshe biyu, Sifaniyanci da Ingilishi. Da ya tsufa ya sha nuna cewa wannan ɗaki na mahaifinsa shi ne babban abin da ya taɓa faruwa a rayuwarsa, kuma a ganinsa bai taɓa fita daga cikinsa ba.

Ƙagaggen labari na farko da ya karanta daga bango zuwa bango shi ne Huckleberry Finn na Mark Twain. Daga nan ya shiga labaran tafiya duniyar wata na H. G. Wells, da na ban tsoro na Edgar Allan Poe, da labarin 'yan fashin teku da tsibirin dukiya na Robert Louis Stevenson, da tatsuniyoyin 'yan uwan Grimm. A riƙe waɗannan sunaye, domin su ne za a tarar a bakinsa yana ɗan shekara 80.

Littattafai biyu aka hana shi. Na farko Martín Fierro, doguwar waƙar makiyayan Ajantina, wadda mahaifiyarsa ke ganin ta 'yan iska ce. Na biyu Dare Dubu da Ɗaya, fassarar Richard Burton, saboda batsar da ke ciki. Duka biyun ya karance su a ɓoye, na biyun ma a saman rufin gida. Ya ce sihirin labaran ne ya ɗauke masa hankali har bai lura da wuraren da ake ɓoye masa ba. Ko gaskiya ce ko kunyar tsufa, shi ya sani.

Akwai wani abu da ya faru tsakaninsa da Don Quixote na Cervantes da ke nuna irin mai karatun da zai zama. Bugun da ya sani yana yaro na kamfanin Garnier ne, mai jan bango da rubutun ruwan zinari. Bayan shekaru, littattafan mahaifinsa suka warwatse, ya karanta labarin a wani bugu dabam, sai ya ji kamar ba shi ba ne. Hankalinsa bai kwanta ba sai da wani aboki ya samo masa na Garnier ɗin, da hotunansa, da bayanansa na ƙasan shafi, har da kurakuran ɗab'insa. Duk wanda ya taɓa neman tsohon bugun littafin da ya karanta a firamare, aka miƙo masa sabo mai sheƙi ya ji ransa bai so ba, ya san wannan ciwo.

Yana ɗan shekara 10 wata jaridar Buenos Aires ta buga fassarar da ya yi wa wani gajeren labari na Oscar Wilde. Mutane suka ɗauka aikin mahaifinsa ne, tun da sunansu ɗaya.

Makanta gadon gidansu ce. Ita ta tilasta wa mahaifin barin aiki, ya kwashi iyalinsa zuwa Turai a 1914 don ganin likitan ido a Geneva. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da su a can. Borges ya yi sakandare da Faransanci, ya koyi Latin, sannan ya koya wa kansa Jamusanci da ƙamus da waƙoƙin Heinrich Heine. Bayan ɗan zama a Sifaniya suka koma gida a 1921.

Kundin ilimi ma, wanda sauran mutane ke buɗewa don duba abu ɗaya su rufe, shi karanta shi yake kamar labari. Idan ya je Ɗakin Karatu na Ƙasa yana saurayi, kunya kan hana shi zuwa teburin ma'aikata ya nemi littafi, sai ya zaro juzu'in Britannica daga kantar da kowa ke iya ɗauka, ya karanta duk abin da ya ci karo da shi. Da ya zo na biyu a wata gasar adabi ta birni a 1929, cikin kuɗin ya sayi tsohon Britannica bugu na 11, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

Dante a cikin tarago

Shekarun da suka fi masa ɗaci su ne waɗanda ya yi yana ƙaramin ma'aikaci a wani reshen ɗakin karatu na ƙaramar hukuma mai suna Miguel Cané, daga wajajen 1938 zuwa 1946. Ma'aikata kusan 50 ne ke aikin da mutum 15 za su iya. Ranar farko ya rubuta littattafai 400 a rajista. Washegari abokan aiki suka ja shi gefe suka ce ya sassauta, kada ya tona musu asiri, ya riƙa tsayawa a ɗari da 'yan kai. Hirarsu ba ta wuce ƙwallo da sukuwar dawaki da zancen batsa. Wata rana wani cikinsu ya ga sunan wani marubuci Jorge Luis Borges a wani kundi, ya yi mamakin yadda suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya da na abokin aikinsa. Bai kawo a ransa cewa mutum ɗaya ba ne.

Sai ya zama cikin awa ɗaya yake gama aikin yini, ya sulale ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko saman rufi idan ana zafi, ya yi ta karatu da rubutu. A nan ya karance juzu'i shida na tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon.

Tafiya da dawowa a taragon cikin gari kan ci masa awanni a kullum. A cikin taragon ya karanta babbar waƙar Dante ta ziyarar lahira, a wasu ƙananan littattafai uku masu shiga aljihu, Italiyanci a shafi ɗaya, Ingilishi a ɗaya. Yakan karanta Ingilishin, ya koma kan Italiyancin, kafin ya kai ƙarshe ya daina bukatar fassarar. Bai taɓa shiga ajin Italiyanci ba. Daga baya ya maimaita waƙar sau 10 zuwa 12, kowane karo da bugu dabam da sharhin wani malami dabam.

A jajibirin Kirsimetin 1938, shekarar da mahaifinsa ya rasu, yana hawan bene da gudu sai murfin wata taga da aka bari a buɗe ya tsaga masa kai. Ciwon ya ruɓe, guba ta shiga jininsa, ya yi makonni tsakanin rai da mutuwa, har magana ta ɗauke masa. Da ya fara farfaɗowa, abin da ya fi tsoro shi ne ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Mahaifiyarsa ta so ta karanta masa wani littafi da ya yi oda kafin ya kwanta, labarin tafiya wata duniya na C. S. Lewis, ya yi kwana biyu ko uku yana kaucewa. Da ta karanta shafi ɗaya zuwa biyu sai ya fashe da kuka. Ta tambayi dalili, ya ce don yana fahimta ne.

Don ya gwada kansa, sai ya yanke shawarar rubuta irin abin da bai saba ba, ta yadda ko ya gaza ba za a ce ya lalace ba. Abin da ya fito a 1939 shi ne labarin Pierre Menard, wani Bafaranshe na ƙarni na 20 da ya ƙudurta sake rubuta Don Quixote, ba kwafa ba, sai dai ya kai ga kalmomin da kansa. Ya yi nasara a babi biyu da ɗan guntu, kalma bisa kalma daidai da na Cervantes. Mai ba da labarin ya jera jimla guda daga kowannensu, iri ɗaya sak, ya nace cewa ma'anarsu ta sha bamban, domin shekara 300 sun shiga tsakani. Raha ce, amma a cikinta ra'ayinsa kan maimaita karatu yake: rubutun bai motsa ba, mai karatun ne ya canza, don haka ba a taɓa karanta littafi ɗaya sau biyu.

Abin da yake so, da abin da ba ya so

Manyan masana adabi na zamaninsa sun fi girmama dogayen labarai masu tona zuciyar mutum da siffanta zaman yau da kullum. Borges bai ɓoye cewa yawancinsu gundurarsa suke ba. A gabatarwar da ya rubuta wa wani littafin abokinsa Adolfo Bioy Casares a 1940, ya soki irin waɗannan labarai da cewa ba su da tsari, kowane hali za a iya ɗora wa kowane mutum a ce zurfi ne. Labarin kasada kuwa, a ganinsa, ba ya yafe sakaci: duk abin da aka sa a ciki dole ya yi aiki. Shekara ɗaya bayan haka ya bayyana cewa wahalar banza ce a shimfiɗa a shafi 500 abin da za a iya faɗa da baki cikin 'yan mintuna. Shi da kansa bai taɓa rubuta dogon labari ba.

Iri uku ya fi so: labaran al'ajabi, labaran kasada, da labaran binciken kisa. Na ƙarshen nan a lokacin kallon na kashe lokaci a jirgin ƙasa ake yi musu. Shi kuwa yana ganin a zamanin da komai ya rikice, su ne suka riƙe mutuncin labari mai farko da tsakiya da ƙarshe. Ko a cikinsu yana da zaɓi. Ya fi son salon Ingila, inda mai bincike ke warware ƙulli da tunani, irin limamin coci Father Brown na G. K. Chesterton. Salon Amurka na duka da harbi da mata bai burge shi ba.

Shi da Bioy, wanda ya girma da shekara 15, sun fara rubutu tare ne da wata takardar tallan kindirmo ta kamfanin madarar dangin Bioy. Daga nan suka ƙirƙiro Don Isidro Parodi a 1942, tsohon mai aski da ke warware laifuffuka yana zaune a ɗakin kurkuku. A 1945 suka shawo kan kamfanin ɗab'i na Emecé ya fara fitar da jerin fassararrun labaran bincike, suka raɗa masa sunan da'ira ta bakwai ta wutar Dante, inda ake azabtar da masu zubar da jini. Su biyun suka zaɓi sama da 100 na farko, jerin kuma ya wuce littattafai 360 kafin ya tsaya. Abin dariya, lokacin da wani labarin Borges ya isa ga masu karatu na Amurka a 1948, a mujallar labaran bincike ta Ellery Queen ya fito, tun manyan jami'o'i ba su san da shi ba.

Jerin waɗanda ba ya so shi ma dogo ne, kuma akwai manya a ciki: Proust, Balzac, Zola, Tolstoy, Jane Austen, Thomas Mann. Dostoyevsky ya ruɗe shi yana saurayi a Geneva, daga baya ya huce. Tun a 1925 ya yabi Ulysses na James Joyce, ya fassara shafinsa na ƙarshe, amma ya amsa a fili cewa bai karanta littafin duka ba. Joseph Conrad ne marubucin dogon labari da ya ɗaga sama da kowa, kuma ba mamaki, tun da Conrad na teku ne da kasada.

Ba dole a yarda da shi ba. Mutumin da ya ture Tolstoy ya rungumi Chesterton ya yi asarar abubuwa da yawa, kuma wani lokaci tsokana ce kawai yake yi. Amma bai taɓa yin ƙaryar son littafi don a ce ya waye ba. Da ya zama farfesan adabin Ingilishi a Jami'ar Buenos Aires a 1956, shawarar da ya riƙa bai wa ɗalibai ita ce, duk littafin da ya gundure su su ajiye shi komai sunan marubucinsa, wataƙila lokacinsa ne bai yi ba. A wajensa karatun dole ba karatu ba ne.

Dare na 602

Babu littafin da ya bi shi daga rufin gidan Palermo zuwa gadon mutuwa kamar Dare Dubu da Ɗaya. Bai iya Larabci ba, don haka ta fassarori ya san shi, kuma maimakon ya ɗauki hakan naƙasu, sai ya mayar da shi hanyar maimaitawa. Ya karanta shi da Faransanci, da Ingilishi, da Jamusanci, da Sifaniyanci. A 1936 ya fitar da doguwar maƙala yana gwada mafassaran da juna: Antoine Galland, wanda ya fara kai labaran Turai daga 1704, Edward Lane, wanda ya tsame duk abin kunya ya cike gurbin da bayanai, da Burton, wanda ya dawo da abin kunyar har da ƙari.

Labarin Aladdin da na Ali Baba, waɗanda duniya ta fi sani, ba sa cikin rubutun Larabcin da Galland ya yi aiki da shi. Daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab ya ji su a Paris a 1709. Wasu na ganin wannan cusawa ce. Borges na ganin littafin da ma haka ya ginu, kowane mai ba da labari yana ƙara nasa, don haka mafassari ma yana da wannan haƙƙi.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne labari a cikin labari, da kuma mai ba da labarin da ke sayen lokaci da bakinsa. Mai karatun Hausa ya san wannan dabara ko bai taɓa jin sunan Shaharzad ba, domin ita ce akun Magana Jari Ce ke yi wa ɗan sarki Musa don ya hana shi fita.

A wasu rubuce-rubucensa Borges ya yi maganar dare na 602, inda ya ce Shaharzad ta fara ba sarki labarin kansa, da nata, da duk dararen da suka wuce, ta yadda in ta ci gaba labarin zai yi ta zagaye ba ƙarshe. Masanan da suka bi sawu ba su sami daren yadda ya siffanta shi ba. Wannan shi ne haɗarin mai yawan maimaitawa: littafi kan zauna a kansa har ya kasa raba abin da ya karanta da abin da ya ƙara. A wata lacca a 1977 ya ce yana da juzu'i 17 na fassarar Burton a gida, ya san ba zai taɓa gama su ba, amma yana jin daɗin sanin cewa dararen na nan suna jiransa.

Idanun aro

Da Juan Perón ya hau mulki a 1946, aka yi wa Borges, wanda ya sa hannu a takardun adawa, wani ƙarin girma na wulaƙanci: sufeton kaji da zomaye a kasuwanni. Ya ajiye aiki. Bayan shekara biyu aka tsare ƙanwarsa wata guda a kurkuku, aka yi wa mahaifiyarsa ɗaurin talala a gida. Neman abinci ya tilasta masa, duk da kunyarsa da in'inarsa, ya fara yawon lacca a garuruwan Ajantina da Uruguay. A kan me? A kan mutanen nan dai, su Poe da Stevenson da Dante. Faɗuwar Perón a 1955 ce ta kai shi shugabancin Ɗakin Karatu na Ƙasa, inda ya zauna har 1973. Shi ne makaho na uku da ya riƙe kujerar, bayan José Mármol da Paul Groussac.

An yi masa aikin ido sau takwas daga 1927. Makantarsa ba duhu ba ce. Baƙi da ja ne suka fara ɓace masa, ya rage cikin wani hazo mai shuɗi-shuɗi da kore-kore, har ya riƙa kewar duhun da ya saba barci a ciki. Launin da bai yashe shi ba shi ne ruwan ɗorawa, launin damisar da yakan tsaya kallo a gidan namun daji yana yaro.

Maimakon ya zauna makoki, sai ya tara 'yan ɗalibai ranakun Asabar suka fara koyon tsohon Ingilishi na shekara dubu da suka wuce, daga baya ya ƙara da tsohon harshen mutanen Iceland. Ya koma rubuta waƙa mai ma'auni da amsa-amo, saboda ita ce ake iya ɗauka a ka ana gyarawa ana tafiya a titi, kafin a sami wanda za a yi wa shifta.

Idanunsa na farko mahaifiyarsa ce, Leonor Acevedo. Ita ke karanta masa, ita ke rubuta abin da ya faɗa, ita ke raka shi tafiya. Tare suka zauna a wani ɗan ƙaramin gida a hawa na shida, in ban da shekara uku na wani aure da bai yi albarka ba, har ta rasu a 1975 tana da shekara 99. Da ƙarfinta ya fara raguwa, sai ya shiga roƙon duk wanda ya samu: ɗalibai, 'yan jarida, baƙin da suka zo gaishe shi.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Alberto Manguel, yaro ɗan shekara 16 da ke aiki a wani kantin littattafai bayan an tashi makaranta. Daga 1964 zuwa 1968 yakan je gidan sau uku ko huɗu a mako. Abin da ya ba da labari daga baya shi ne ya fi nuna mana tsohon a matsayin mai karatu. Ba sababbin littattafai yake nema ba. Kipling ne, Stevenson ne, Henry James ne, ko wani shafi na kundin ilimi. Yakan miƙe ya nufi kanta, hannunsa ya sauka daidai kan littafin. Ana cikin karatu sai ya katse, ya ƙarasa jimlar da ka, ko ya nuna inda marubucin ya sa wata kalma da gangan, ko ya yi dariya a wurin da ya sha yin dariya shekara 50. Yaron ya gane cewa muryarsa kawai ake aro, karatun na tsohon ne. Manguel ɗin nan shi ma ya zama shugaban Ɗakin Karatu na Ƙasa a 2016.

Baƙi kan yi mamakin ƙarancin littattafan gidan. 'Yan kantoci ne kawai, kuma babu littafinsa ko ɗaya a kai. Bai ga dalilin ajiye abin da ba zai koma kansa ba.

Abin da bai karanta ba

Jarida ba ta cikin abin da yake karantawa, ko yake sa a karanta masa. A ganinsa an rubuta ta ne don a manta. Wannan raini ya yi masa tsada.

Ƙiyayyarsa ga Perón ta sa ya yi maraba da sojojin da suka ƙwace mulki a 1976. Ya ci abinci da Janar Videla, ya yabe shi, a shekarar kuma ya je Chile ya karɓi lambar girma a ƙarƙashin Pinochet. Mutane da yawa na ganin abin da ya hana shi kyautar Nobel ke nan. A lokacin ana sace dubban 'yan ƙasarsa ana kashewa. Sai da iyayen waɗanda suka ɓata suka zo har gida suka ba shi labari, sannan a 1980 ya sa hannu a takardar neman bayani a kansu. A 1985 ya halarci zaman shari'ar janar-janar ɗin, ya saurari wani da aka azabtar, ya fito a girgize. Uzurinsa shi ne makanta da rashin karanta jarida. Uzuri ne mai rauni ga mutumin da bai taɓa rasa wanda zai karanta masa Kipling ba.

Geneva

Aikinsa na ƙarshe na mai karatu ne. A 1985 wani kamfanin ɗab'i ya nemi ya zaɓi littattafai 100 da ya fi so, ya rubuta wa kowanne gajeriyar gabatarwa, a riƙa sayarwa a rumfunan jarida. Ya kai 74. Bai sa Shakespeare ko Dante ba, tun da ba sa bukatar talla. Wells na ciki, da Stevenson, da Kipling, da Chesterton, da Conrad, da Dare Dubu da Ɗaya na Galland. Kusan ɗakin mahaifinsa ne ya sake jerawa.

A ƙarshen shekarar, bayan likitoci sun tabbatar masa da kansar hanta, ya bar Buenos Aires ya koma Geneva, garin samartakarsa, tare da María Kodama, tsohuwar ɗalibarsa a ajin tsohon Ingilishi, wadda ya aura a watan Afrilun 1986.

Kamar yadda Kodama ta sha ba da labari, a waɗannan watanni ya ce yana so ya koyi Larabci. Ta ga tallan wani malami ɗan Masar a jarida, ta kira shi ba tare da ta faɗi sunan ɗalibin ba. Da malamin ya shigo ya ga wanda ke zaune, sai ya fashe da kuka, domin ya karance littattafansa. Tun da ɗalibin ba ya gani, a tafin hannunsa malamin ya riƙa zana masa haruffan da yatsa.

Ya rasu ranar 14 ga Yunin 1986 yana da shekara 86. An binne shi a maƙabartar Plainpalais da ke Geneva. Rubutun da ke jikin dutsen kabarinsa da tsohon Ingilishi ne a gaba, da tsohon harshen Iceland a baya, harsuna biyun da ya koya bayan ya makance.